Motar Gidanmu Da Shekarar Gadarif

Duk wanda ya san Gadarif ya san ba garin ƙaramar mota ba ne. Gari ne na tarakta, da manyan motocin da ke kwasar dawa da riɗi zuwa kasuwar amfanin gona, da a-kori-kurar da mutanen nan ke kira boksi, sai kuma amalanken jaki da ke raba ruwa unguwa-unguwa. Ƙasarmu baƙar laka ce. Da rani takan tsage har yaro ya zura hannu a ciki, da damina kuwa in ta kama taya sai an yi da gaske kafin ta saki. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma kafin ruwa ya zauna sai guguwar habub ta lulluɓe komai da ƙura. A irin wannan gari ne gidanmu ke riƙe da Toyota Corolla ƙirar 1994, fara, mai ƙofa huɗu, mai ƙaramin inji da kafireto. Ta haura shekara 30 a duniya, amma har gobe ita ke kai marar lafiyarmu asibiti, ita ke ɗaukar amarya, ita ke zuwa gaisuwar mutuwa a ƙauye.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya tambaya, me ya kai Bahaushe gabashin Sudan, kusa da iyakar Habasha? Hanyar hajji ce ta kawo kakanninmu. Wasu sun taso da ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare, suka tsaya noma don su tara na gaba, ƙasa ta karɓe su suka zauna. Wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi a 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ja jama'a zuwa gabas har aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu mai gangarowa daga Habasha. Da noman inji ya fara a yankin Gadambaliya a shekarun 1940, Hausawa na cikin masu shema da yankan riɗi. Shi ya sa Hausarmu ta gareji a gauraye take. Abin da kuke kira lagireto, a nan lidetar ne, taya lastik, kayan gyara isber, babban makaniki kuwa usta. Amma zan bi naku sunayen don zance ya tafi daidai.

Baba ya sayi motar a 2004, da kuɗin riɗin shekarar. Tun ranar ya ajiye ɗan littafi irin na 'yan firamare a aljihun gaban mota, yana rubuta duk abin da aka yi mata da ajami: ranar juyen mai, lambar da ke kan agogon kilomita, abin da aka sauya, da kuɗin da aka biya. Yanzu muna littafi na huɗu. Biyun farko rubutunsa ne, Allah Ya jiƙan sa, sauran nawa. In na buɗe su, abu guda nake gani. Manyan gyare-gyare a cikin shekara 20 ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sauran duk ƙanana ne: baƙin mai, filta, tiyo, fanbel, fulogi, giris. Baba yakan ce mota ba ta mutuwar fuju'a, tana daɗewa tana kuka kafin ta faɗi, mai ita ne ba ya saurare. Abin da na gada a wurinsa ke nan, cewa tsohuwar mota kula take ci fiye da kuɗi, kuma a Gadarif kular tana bin shekarar manomi.

Akwai dai abin da ba ruwansa da yanayi, wato duban safe. Bayan an sauko daga masallaci, inji na sanye, nakan durƙusa in leƙa ƙasan da motar ta kwana. Baƙin ɗigo mai maiƙo na inji ne. Jiƙa kamar ta ruwa a gaba, lagireto ne ko tiyo. In kuwa aka ga danshi a cikin taya ta wajen ciki, man birki ne, kuma mota ba ta fita ranar sai an gano inda yake zuba. Daga nan in buɗe bonet, in zaro sandar awon mai, in goge, in mayar, in sake zarowa. Yawansa nake duba da launinsa. Baƙi ba laifi ba ne in juye ya kusa. Abin tsoro shi ne a gan shi ya koma kamar shayi da madara, don wannan alama ce ruwa ya shiga mai, galibi gaskit ne ya ƙone. Sai ruwan lagireto, sai in danna fanbel da babban yatsa in ji ƙarfinsa, in duba ko ya fara tsagewa. Shi ke juya famfon ruwa da altaneta. In ya tsinke, inji zai yi zafi, batir kuma ya daina caji, duk a lokaci guda. Duka-duka aikin minti biyar ne.

Iskar taya kuwa sau ɗaya a mako, ita ma da sanyin safe, don taya mai zafi ƙarya take yi wa awo. Tamu kusan awo 30 take so. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke fashewa a kwalta mai zafi, saboda gefenta na ta lanƙwasa har ya dahu. Kuma duk wanda zai sayi taya, sabuwa ko ta hannu, ya nemi lambobi huɗun da ke jere a gefenta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Taya na iya zama da zanenta cif amma robarta ta tsufa a sito. Irin wannan kyan ɗan maciji ce.

Daga watan Maris zuwa Mayu, abokin gabar mota zafi ne, kuma a nan matsalar ruwan garinmu ke shigowa cikin inji. Gadarif ta daɗe tana fama da ruwa. Wani ana janyo shi daga kogin Atbara ta wajen Shawak, wani na rijiya ne da masu amalanke ke kawowa. Duk wanda ya leƙa cikin butar shayin gidansu ya ga farin abin da ke daskarewa a gindinta. To, haka yake daskarewa a cikin siraran hanyoyin lagireto, a hankali, shekara da shekara, har wata rana allurar zafi ta tashi ba tare da an ga inda ruwa ke zuba ba. Saboda haka a gidanmu ba a zuba wa motar ruwan rijiya. Da damina muke tarar ruwan sama, ba na farko mai wanke rufi ba, mu tace shi mu cika jarkoki biyu, mu rufe mu ajiye. Shi ake gaurayawa da koren ruwan lagireto mai hana tsatsa. Murfin lagireton ma ba abin raini ba ne. Shi ke riƙe matsin da ke sa ruwa ba ya tafasa sai ya kusa digiri 120. In robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa da wuri ya fice. Kuma ba a buɗe shi inji na zafi. Wani maƙwabcinmu na ɗauke da tabon haka daga wuyan hannu har gwiwa.

A kan zancen zafin nan ne muke da tsohuwar gardama da Usta, dattijon da ke duba motar tun zamanin Baba a unguwar makanikai. Ra'ayinsa irin na yawancin makanikan ƙasashen zafi ne: a cire tamostat a jefar, ruwa ya yi ta yawo. "Ɗan Alhaji," yakan ce mini, "wannan abin don ƙasar ƙanƙara aka yi shi." Yana da hujjarsa, don ya ga injunan da tamostat na jabu ya maƙale a rufe ya dafa su. Ni ma ina da tawa. In an cire shi, inji na daɗewa bai kai zafin da yake aiki da shi ba, ya sha mai, ya ci kansa, sannan ainihin cutar, wato toshewar lagireto, tana nan ba a taɓa ta ba. Sulhun da muka yi shi ne, kowace shekara kafin bazara a ciro shi a jefa a tukunyar ruwa a kan wuta. In ya buɗe baki kafin ruwa ya tafasa, wajen digiri 82, ya koma mazauninsa. In ya ƙi, a sayo wani. Usta na kiran wannan shayin tamostat, kuma ni ke biyan kuɗin gawayi.

Batir ma bazara ce ke kashe shi, ko da yake sai sanyi ya zo ake ganin gawarsa. Zafi na ƙafar da ruwansa, don haka duk wata nakan buɗe in ƙara ruwan batir har ya rufe farantan ciki. Farin garin da ke taruwa a kan kawunansa kuwa maganinsa na madafa: a jiƙa kanwa, wadda a nan ake kira atrun, a zuba a kai, sai a ga yana kumfa, a goge, a ɗaure tamau, a shafa giris. Ya kamata a kiyaye kada ruwan kanwar ya shiga cikin batir ɗin. Mai wutar mota ya nuna mini a na'urarsa cewa lafiyayyen batir a zaune yana ba da wajen 12.6, in inji ya tashi kuma ya hau zuwa wajen 14. In bai hau ba, laifin na altaneta ne ko fanbel, kuma sabon batir ba zai yi maganinsa ba.

Sai habub. Inji iska yake sha fiye da fetur, kuma duk ƙurar da ta wuce filtar iska tana haɗuwa da mai ta zama kamar yashin wanke tukunya, tana kankare ringi da silinda. Bayan kowace guguwa nakan ciro filtar in karkaɗe, in hura mata iska daga ciki zuwa waje. In na ɗaga ta a rana ban ga haske ta cikinta ba, ta gama aiki. Na ga masu cire ta gaba ɗaya wai mota ta fi ja. Takan ja ɗin kuwa, na 'yan watanni, daga nan sai shuɗin hayaƙi. Juyen mai kuwa ba ma wuce kilomita 5,000, kuma tare da filtar mai ake sauyawa, don zuba sabon mai a kan tsohuwar filta wanka ne da mayar da riga mai datti.

Damina takan fara a watan Yuni ta kai Oktoba, kuma ita ce lokacin da ƙaramar mota ke sanin matsayinta. Hikima ta farko ita ce sanin inda ba a zuwa. Hanyar gona ta tarakta ce, Corolla iyakarta kwalta da 'yan layukan da suka tsane. Duk da haka laka sai ta shiga. Takan cushe a ramin taya da ƙarƙashin mota, ta bushe kamar tubali, ta riƙe danshi a jikin ƙarfe har tsatsa ta huda shi. In ta maƙale a cikin wili kuwa, sai sitiyari ya riƙa rawa a kan gudu, mutum ya ɗauka babban abu ne ya lalace, alhali tsinke da bokitin ruwa ne maganinsa. Abin da na fi sa wa ido shi ne robobin da ke rufe gaɓoɓin shaf na tayoyin gaba. In ɗaya ta yage, giris ya fita, laka ta shiga, ba da jimawa ba za a ji ƙas-ƙas-ƙas in an karya kwana. Robar kuɗinta kaɗan ne, gaɓar kuwa ta ninka ta sau da yawa.

Ruwa mai gudu kuwa ba a gwada shi. Koramar Abu Farga da ta ratsa garin nan a bushe take yawancin shekara, amma in an yi ruwa a tudu takan zo babu sallama. Ko kwata ce ta cika, ƙa'idar gidanmu ita ce in ruwa zai wuce tsakiyar wili, a jira. In ruwa ya taɓa distiributa, wato kwanon da ke raba wa fulogai wuta, mota za ta mutu, amma a buɗe a shanya ta tashi. In kuwa inji ya zuƙi ruwa ta hanyar iska, wannan wani labari ne, don ruwa ba ya matsuwa, kuma duk wanda ya nace da murza makulli zai lanƙwasa ƙarafan ciki. Bayan an fita daga ruwa, a tafi a hankali ana ɗan taka birki har ya bushe.

Kaka, wadda a nan ake kira darat, ita ce lokacin kuɗi, kuma lokacin zaluntar mota. Ƙaiƙayin dawa da ganyen riɗi na cika fuskar lagireto su hana iska wucewa, sai an wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi. Hatsin da ya zube a but yana gayyato ɓeraye, su kuma ba sa tsayawa a hatsi, sai sun ci wayoyi. Babbar fitina dai ita ce lodi. Buhun dawa a nan kilo 90 ne, ita kuwa irin wannan mota duk abin da aka yi ta ta ɗauka, har da mutane, bai fi kilo 400 da ɗan wani abu ba. Mutum huɗu da buhu ɗaya, magana ta ƙare. Na sha jin "ai nan da nan ne" daga bakin 'yan'uwa, na sha kuma ganin fuska ta sauya in na ce a kira mai amalanke. Gara a ji haushina na yini ɗaya da a ce shokazoba da sifirin sun zauna.

Da sanyin Disamba da Janairu ne aka fi jin "ta ƙi tashi". A nan abin da Baba ya koya mini shi ne a saurara kafin a taɓa sifana. In aka murza makulli aka ji ƙas ɗaya, ko fitilun gaban direba suka dushe, a fara da kawunan batir, don sau da yawa sassauci ne kawai ko datti. In inji na juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, to ɗayan biyu ne, wuta ko mai. A zaro wayar fulogi ɗaya, a sa mata fulogi a jingina shi da jikin inji, wani ya murza. In shuɗiyar wuta ta yi tsalle, wuta lafiya. Sai a buɗe murfin kafireto a taka totur, a leƙa ko fetur na fesowa. In babu, a bi hanyarsa baya-baya: filta, famfo, tanki. Wannan bin diddigi daga mai arha zuwa mai tsada shi ne duk sirrin. Wanda ya fara daga mai tsada, yakan sayi sabon famfo alhali filta ce ta toshe.

Hayaƙin salansa ma yana da yarensa. Baƙi, fetur ya fi iska yawa, a duba filtar iska da kafireto. Shuɗi, inji na ƙona baƙin mai. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Ƙara mai kamar kukan tsuntsu da safe, fanbel ne ya saki. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe in an taka birki, takalman birki sun ƙare sun fara cin faranti. Ba na gyara duk waɗannan da hannuna. Amma in na je wa Usta da bayanin yaushe ƙarar ke zuwa, inji na sanye ko na zafi, a kwana ko a miƙe, rabin aikinsa ya ragu, rabin kuɗina ma ya tsira.

Mai karatu zai ce wannan duk wahalar ta mece ce, ba sai a sayo kaya a sa ba? A Sudan kayan gyara ba su taɓa zama abin da ake miƙa hannu a ɗauka ba. Daga 1997 zuwa Oktoban 2017 ƙasar na ƙarƙashin takunkumin Amurka, abin da ya wahalar da aika kuɗi waje da shigo da kaya. A Fabrairun 2021 aka karya darajar fam ɗinmu daga 55 zuwa wajen 375 a kan dala ɗaya, a watan Yuni na shekarar kuma aka janye tallafin fetur. Littafin Baba shaida ne: layin kuɗi ya yi ta faɗi har na koma rubuta shi a shafi na daban. Kasuwa kuma cike take da jabu a cikin kwali mai kyau. Usta yakan auna filta a tafin hannu, in ta yi sakayau ya mayar. Sau da yawa mun fi yarda da tsohon kaya na asali da aka ciro daga motocin da aka farfasa, irin wanda ake shigowa da shi daga Sharja ta tashar jirgin ruwa ta Bur Sudan. Wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ya san irin cinikin.

Sai yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023. Khartum na da nisan sama da kilomita 400 daga nan, amma daga can yawancin kayan gyara ke zuwa mana, kuma matatar Jaili da ke arewa da ita ce ke ba mu mai. Duk suka tsaya. Fetur ya koma na jarka, wani da ƙura, wani da ruwa a gindinsa. Na koma tace kowace lita da farin ƙyalle a bakin mazurari, ina barin ɗan na ƙasan jarka, ina sauya filtar fetur akai-akai, ba na kuma bari tanki ya sauka ƙasa da kwata. A but na tanadi fanbel, da tiyo, da fis, da waya, da jarkar ruwan sama.

A tsakiyar Disambar 2023 yaƙin ya isa Madani, garin da dubban mutanen Khartum suka fake a cikinsa. Gwaggona, ƙanwar Baba, na can da 'yarta da jikoki huɗu. Da kyar waya ta shiga, muka ji sun samu sun kai garin Fau, a kan hanyar da ta haɗa Madani da Gadarif, kuma kuɗin motar haya ya fi ƙarfinsu. Ba a yi shawara mai tsawo ba. Na yi duban safe kamar kullum, na zuba man da na ɓoye, na kama hanya. Tun kafin in isa na fara cin karo da motoci a gefen titi, bonet a ɗage, mata da yara a zaune a inuwarsu. Wasu mai ne ya ƙare musu. Wasu kuwa na ga tururi na tashi, wasu taya ta yi kaca-kaca, kuma da yawansu sun fi tamu sabunta nesa ba kusa ba.

A dawowa muka shiga cunkoso, tafiya kamar ta hawainiya. Can na ga allurar zafi ta wuce inda ta saba tsayawa. Na kunna na'urar ɗumama cikin mota har ƙarshe don ta janye wa inji zafi, na sauka gefe, na buɗe bonet. Ruwa bai zuba ba, fanbel na nan, amma fankar lagireto shiru. Na duba fis, lafiya. Sai na tuna abin da Usta ya taɓa nuna mini, cewa a irin wannan Toyota, in aka zare filogin ɗan makunnin da ke jin zafin ruwa, fanka za ta yi ta juyawa muddin makulli na kunne. Na zare, fanka ta ɗauka. Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce, "Ɗan nan, lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau, Gwaggo, iska take sha." Ta ce, "Haka ubanka yake cewa." Muka jira allura ta sauko, muka ci gaba. Da magariba muka shiga gida. A littafi, layi biyu na rubuta: lambar kilomita, da makunnin fanka da za a sauya.

Tun daga lokacin an sha taya motar. Mutanen da yaƙi ya koro sun cika gari, abin hawa ya yi daraja, an ba ni kuɗin da a takarda ya ninka abin da Baba ya biya sau da yawa. Wasu 'yan'uwa sun ce in sayar in ƙara in sayi wadda ta fi ta ƙuruciya, kuma ba su yi ƙarya ba da suka ce sababbin sun fi kare rai in an yi haɗari, sun fi sanyi a ciki. Amma sabuwa in ta yi ciwo sai an nemo mai kwamfuta, kayanta kuma sai an jira su daga Bur Sudan. Wannan kuwa na san kukanta, duk wani makaniki daga nan har Kasala ya san cikinta. Kuɗin takarda a ƙasar nan narkewa yake kamar ƙanƙara a rana, motar da ke tashi in an murza makulli kuwa darajarta na nan.

Na san ba za ta dawwama ba. Ta fara shan ɗan mai tsakanin juye da juye, ƙasan ƙofar baya ya fara tsatsa. Littafi ya nuna bel ɗin taimin, wanda ake sauyawa duk kilomita 100,000, saura kaɗan lokacinsa ya yi, kuma shi ba ya kuka kafin ya tsinke, lissafi ne kawai ke kama shi. Na fara ajiye kuɗinsa daga dawar bana. Babbar 'yata, mai shekara 15, ita ke riƙe littafin yanzu. Tana rubutu da Larabci da boko, ta iya zaro sandar mai, ta san bambancin ɗigon ruwa da na birki, kuma ta riga ta yi wa Usta alkawarin kawo gawayin shayin tamostat kafin bazara. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Sudan, Ya mayar da kowa gidansa, Ya tsare matafiya a duk inda suke.